Wanda Ya Fito Ta Ƙofar Direba

Shekara arba'in da ɗaya Merv Tuckwell ya yi a sunkuye yana askin tumaki, kuma ranar da ya ajiye aikin, bayansa ya ƙi yarda an gama. Ya ci gaba da zamansa a lanƙwashe. Merv dogo ne na gaske, amma a 'yan shekarun nan in ka gamu da shi a ƙofar shago a Gundaree, saman hularsa za ka fara gaisarwa kafin ka gano inda fuskar take. Ya sha ƙwayoyi har cikinsa ya lalace. An matsa, an ja, an gasa, wata mata daga birni ma ta jera masa allurai a kunne. Duk a banza.

Ranar da Dokta Perera ta ce za ta rubuta masa man wiwi, Merv ya ɗaga kai iyakar abin da wuyansa ya yarda, ya dubi biron da ke hannunta, don nan idonsa ya iya kaiwa.

"Wiwi, Dokta? Ni nake kaɗa ƙararrawar coci fa."

"Ba zuƙa za ka yi ba, Mista Tuckwell. Ɗigo huɗu ne a ƙarƙashin harshe in za ka kwanta. Doka ta yarda. Ga takardarka, kuma za a manna sunanka a jikin kwalbar."

Ta ci gaba da bayani mai tsawo, har da ɗaga yatsa. Merv bai ji ko kalma ɗaya ba. Hankalinsa yana can yana tunanin yadda zai fita daga kantin magani ba tare da matar fasto ta gan shi ba. Ya kai kwalbar gida a cikin safa, ya ɓoye ta a bayan gwangwanin shayi, a gidan da shi kaɗai ne a ciki.

A kwana na biyar ya tashi da safe zai ɗauki madara, sai ya ga saman firij. Rabonsa da ganin wurin shekara shida. Ƙura ce a kai, da matattun ƙudaje, da tabaransa da ya daɗe yana zargin maƙwabcinsa ya sace. Ya tsaya a miƙe yana kallo, hannu ɗaya a ƙugu, har madarar ta ɗumama a hannunsa.

To, ba don saman firij ya yarda ya sha abin ba. Don Glenda ne.

Glenda matarsa ce, shekara arba'in da tara suna tare. Shekara biyu ke nan tana gidan kula da tsofaffi a Narrabool, tafiyar awa guda a mota, saboda ciwon mantuwa. Ta manta sunan 'ya'yanta, ta manta abin da ake yi da cokali mai yatsu, amma ba ta manta motar ba, wata tsohuwar a-kori-kura shuɗiya da Merv ya saya shekarar aurensu. Duk Lahadi in an tashi daga coci takan zauna a baranda ta zuba wa hanya ido. Idonta ya yi rauni, ga rana tana dukan gilashi, ba ta ganin ko waye a ciki. Abin da take jira shi ne motar ta tsaya, a danna hon sau biyu, ƙofar direba ta buɗe. Wanda ya fito ta wannan ƙofa shi ne mijinta, don tun da aka sayi motar Merv bai taɓa barin wani ya kama masa sitiyari ba.

Sai dai tun farkon hunturu abin ya rikice. Da ta ga mutum ya fito a lanƙwashe, sai ta ɗauka surukinta ne, baban Merv, wanda shi ma askin tumaki ya tanƙwara, kuma wanda ba su taɓa shiri da shi ba har ya mutu. Takan miƙe ta gyara riga ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Merv bai zo ba?" Sai ta haɗa masa shayi ba sukari, da gangan, ta zauna nesa da shi tana leƙen hanya. Haka Merv zai kwashe awa biyu yana shan shayi mai ɗaci a madadin ubansa, yana sauraron matarsa tana cigiyarsa. Wannan ya fi bayan yi masa ciwo, kuma bai gaya wa kowa ba.

Lahadin farko bayan ya miƙe, ya tuƙa motarsa zuwa Narrabool, ya danna hon sau biyu, ya fito tsaye kyam. Glenda ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Merv Tuckwell, ka makara. Kuma ba ka taje kai ba."

Cokali biyu na sukari ta zuba masa. Ta riƙe hannunsa har lokacin tashi ya yi.

A hanyar komawa ya tsaya shan mai, baki har kunne, sai ya ci karo da Saja Bronwyn Kiely, ita ma tana shan mai a motarta ta gida. Bronwyn 'yar Gundaree ce. Tana ƙarama Merv ya sha kai ta makaranta a bayan motar nan tare da tumaki, shi ya sa har yau Kawu take ce masa.

"Kawu Merv? Yaushe ka yi tsawo haka?"

"Dama da tsawona, 'yar nan. Ajiye shi na yi."

Daga nan mutumin da ya ɓoye kwalba don kada bangon gidansa ya gani ya buɗe baki ya zayyana wa sajan 'yan sanda komai. Ɗigo nawa, ƙarƙashin harshe, sunan likita, har da shawarar ta nema wa mahaifiyarta saboda gwiwa. Murna ce ta kwance masa baki. Bronwyn ta rufe ido kamar mai ciwon haƙori.

"Kawu, yau ba na bakin aiki, ka ga ba kaki a jikina. Ban ji komai ba. Amma likita ba ta ce maka ban da tuƙi ba?"

"Ta yi magana dai. Ai ina da takarda."

"Takardarka ta hana a kama ka da kwalba. Ba ta hana a kama ka da yawu ba."

"Jiya na sha zan kwanta, yanzu ƙarfe huɗu na yamma. Dube ni. Na yi miki kama da wanda ya yi mankas?"

"Ba ruwan ɗan tsinken gwaji da mankas. In na goga shi a harshenka ya nuna, shi ke nan, maganar lasisi ta taso. Kuma yakan nuna ko bayan kwanaki. In na ƙara ganinka a bayan sitiyari ina cikin kaki, dole in gwada ka. Kyamara ce a ƙirjina, ita ba ta san Kawu ba." Ta miƙa masa wayarta. "Kira Dogo ya zo ya kai ka gida."

Ni dai har yau ban gane kan wannan doka ba, kuma ba na jin waɗanda suka rubuta ta sun gane. Hukuma ce ta ce wa likita rubuta, ta ce wa mai kantin magani sayar, ta ce wa tsoho sha, sannan ta je ta tsaya a gefen titi da tsinke tana jiran ya buɗe baki. Ba a tambayarka ko kana ganin hanya, ko hannunka yana rawa. Yawu kawai ake tambaya. A jihar Tasmania in kana da takarda kuma kana cikin hayyacinka an ba ka kariya, amma mu nan sai dai haƙuri. Merv ya rubuta wa ɗan majalisa wasiƙa shafi huɗu. Amsa ta zo cewa ana nazarin lamarin, ga hoton ɗan majalisar a sama yana murmushi. Merv ya ninke ta ya tokare ƙafar tebur da ita.

Dogo shi ne maƙwabcin da aka zarga da satar tabarau. Sunansa na gaskiya Clarrie Dunne, tsohon mahayin dawakin tsere ne, in ya tsaya kusa da Merv kansa iyakar aljihun riga yake kaiwa, shi ya sa duk gari ke kiransa Dogo, kamar yadda ake kiran mahaucinmu da ba ya magana Rediyo. Bai taɓa aure ba, kuma bai taɓa rasa shawarar da zai bayar ba.

"Mu ɗauki Glenda mu koma Tasmania," in ji shi.

"Matar da hanya ɗaya ta rage mata a ka, ita za ka kai tsallaken teku?"

"To ni zan riƙa tuƙa ka duk Lahadi. Mene ne a ciki?"

Merv ya ba shi makullin kamar mai ba da ƙoda. Kafin Dogo ya iya tuƙa motar sai da aka turo kujera gaba har ƙarshe, aka ɗora matasai biyu masu furanni, aka ɗaure katako a kan birki da kuloci da totur don ƙafarsa ta kai. Kujerar doguwa ce guda ɗaya, in ta matsa gaba da kowa take matsawa. Haka Merv ya yi tafiyar awa guda gwiwoyinsa suna gaisawa da haɓarsa, da kwalin kek mai kwakwa a cinya.

Suka isa, Dogo ya danna hon sau biyu, ya buɗe ƙofar direba ya diro. Glenda ta miƙe, ta dafe ƙirji.

"Merv, me ya same ka? Duk ka ƙanƙance. Ba ka cin abinci?"

Ta kama kunnuwan Dogo ta sumbaci sanƙonsa. Merv yana tsaye a gefe, a miƙe, kai a taje, da kwalin kek a hannu. Ma'aikatan gidan sun sha gaya musu kada a yi mata musu, don yana tayar mata da hankali. Ta juyo ta dube shi sama-sama.

"Wannan kuma waye?"

Dogo ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. "Wani ne na rage wa hanya."

"Ya cika tsawo. Ba shi kujera can, kada ya tare mana rana."

A hanyar dawowa, suna wuce gada, Merv ya juyo ya harari Dogo.

"Ta sumbace ka a ka," in ji Merv.

"Ni na ce ta yi?"

"Kuma ka cinye kek ɗin. Yanka uku."

"To in ƙi? Matata ce ta ba ni."

Da akwai wani direban, da a nan Merv ya jefa shi ta taga.

Mako na gaba Merv ya yanke shawara shi kaɗai. Ya bar kwalbar a bayan gwangwanin shayi, bai taɓa ta ba kwana shida. Ranar Laraba saman firij ya ɓace. Ranar Juma'a sai da ya kwanta a ƙasa kafin ya iya sa wando. Ranar Lahadi ya kwance katakan Dogo, ya tuƙa motarsa da bakinsa tas, yana cije leɓe a kowane rami, ya danna hon sau biyu, ya fito yana kallon takalmansa.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Glenda. Ta miƙa masa shayi ba sukari. "Makon jiya Merv ya zo, duk ya ƙare. Kuna ba shi aiki da yawa, gaskiya."

A ranar Merv ya tsaya a gefen hanya ya yi kuka, irin kukan tsoho, ba sauti. In ya sha magani matarsa za ta gane shi amma ba zai tuƙa ba, in ya tuƙa ba za ta gane shi ba. Kuma ya san ciwon nata ba jira yake yi ba. Ba wanda zai iya gaya masa Lahadi nawa suka rage kafin ta manta motar ma.

Litinin da safe Dogo ya shigo ba sallama, ya zauna, ya zuba wa kansa shayi.

"Sau goma sha tara na faɗo daga doki," in ji shi. "Ka san abin da na iya a duniya fiye da kowa? Dunƙulewa."

Dabarar ita ce: Merv ya koma shan maganinsa. Dogo ya tuƙa har wurin ajiye motoci, ya kashe mota, ya danna hon sau biyu, sannan ya zame ƙasa ya mirgina ya dunƙule a wurin ajiye ƙafa na ɓangaren fasinja. Merv kuma ya tsallake shi, ya ja jiki ta kan matasai, ya fito ta ƙofar direba. Ba wanda ya karya doka, ba wanda aka sumbata a sanƙo.

"Wannan ai shirme ne," in ji Merv.

"Shirme ne. Kana da wanda ya fi shi?"

Suka mai da katakai, suka shiga gwaji a makiyaya, tumaki sittin suna kallo. Ranar farko gwiwar Merv ta shiga kunnen Dogo. Rana ta biyu aljihun Merv ya maƙale a hon, aka yi ta ƙara har Rediyo ya bugo waya daga gari yana tambaya ko gobara ce, kuma wannan ita ce magana mafi tsawo da aka ji daga bakinsa a shekarar. Rana ta uku Dogo ya dunƙule da kyau, Merv ya fito da kyau, sai dai ba wanda ya ja birkin hannu, motar ta gangara a hankali da Dogo a ciki ta je ta jingina da kwamin ruwan tumaki. Zuwa Juma'a sun iya abin cikin daƙiƙa tara. Dogo yana ta alfahari, Merv kuwa bai yarda ya yi dariya ba sai da ya shiga ɗaki.

Ranar Lahadi tun daga mararraba motocin da ke tahowa suke ƙyafta musu fitila, alamar 'yan sanda suna gaba. Dogo ya riƙa ɗaga musu yatsa ɗaya daga kan sitiyari, gaisuwar hanya, yana murmushi.

"Su zo da tsinkensu. Ni abin da ke bakina shayi ne da gaskiya."

Amma da suka iso gada, inda Bronwyn ta saba tsayawa, ba kowa. Suka ɗauka ta tashi. Ta tashi kuwa, sai dai ba gida ta tafi ba. Wani tsoho a gidan kula da tsofaffin ne ya sake gudu da keken guragu mai batir zuwa mashaya, aka kira ta ta dawo da shi. Motarta tana bayan tankin ruwa, inda ba a gani daga hanya.

Dogo ya shiga, ya ja birkin hannu, ya kashe mota, ya danna hon sau biyu, ya ɓace. Merv ya tsallaka, ya buɗe ƙofar direba, ya sauko, ya miƙe har sai da ƙashin bayansa ya yi ƙara. Glenda ta tashi daga kujerarta ta kama ƙarfen baranda.

"Merv Tuckwell, ka makara."

Bai gama jin daɗin maganar ba ya hango kaki a kusurwar baranda. Bronwyn ce, hula a kai, ɗan jan haske yana ƙyaftawa a ƙirjinta. Ta ga motar ta tsaya, ta ga wanda ya fito, kyamarar ma ta gani. Ta taho a hankali, fuska ba walwala.

"Mista Tuckwell," in ji ta. Ba ta ce Kawu ba. "Wa ya tuƙo motar nan?"

Magana ɗaya ce za ta fid da shi: Dogo ne, ga shi can a dunƙule. Merv ya san haka. Lasisin yana aljihunsa, shekara hamsin da shida ba a taɓa rubuta masa laifi ba, kuma in ya tafi, ko ranar da Dogo ya kwanta ciwo ba shi da hanyar zuwa Narrabool. Amma Glenda tana tsaye taku uku daga inda yake, ta karkata kai tana saurare. In Dogo ya fito daga motar nan a gabanta, Merv ya sake komawa dogon nan da aka rage wa hanya. Tsoro ya kama shi sosai.

"Ni na tuƙo," in ji shi. "Dama wa zai tuƙo?"

"Ji tambaya," in ji Glenda. "Yarinya, ba mai taɓa motar nan sai mijina."

Bronwyn ta zaro ɗan tsinken daga aljihu, ta yage ledarsa.

"Bari in cire makulli tukuna," in ji ta.

Ta zura kai cikin motar. Makulli ba ya nan. Abin da ke nan shi ne kujera da aka turo har ta kusa sumbatar sitiyari, da matasai biyu masu furanni, da katako uku ɗaure da igiya a ƙasa. Can ɓangaren fasinja kuma ga Clarrie Dunne, ɗan shekara saba'in da biyu, a dunƙule kamar ƙullin wanki, makulli a haƙoransa. Suka dubi juna. Dogo ya rasa abin yi, sai ya ɗaga mata yatsa ɗaya.

Daga waje bayanta kawai ake gani, yana ɗan girgiza saboda dariyar da take dannewa. Ta juya ƙirjinta a hankali, kyamarar ta kalli matasai, ta kalli katakai, ta kalli Dogo. Ta zare makullin daga bakinsa da yatsu biyu.

"Buɗe baki, Dogo," ta ce da raɗa.

"Ba na nan."

"Buɗe baki, na ce."

"Me take nema a ciki?" in ji Glenda.

"Birki take dubawa," in ji Merv.

"Ta duba da kyau. Tun bara nake gaya maka yana ƙara."

Aka yi 'yan mintuna ana jiran tsinke ya yi magana. Daga ƙarshe Bronwyn ta fito, ta gyara hula, ta ɗaga murya yadda Glenda za ta ji.

"Na gwada direban motar nan. Lafiyarsa ƙalau." Ta matso kusa da Merv ta rage murya. "Kawu, yi wa 'yar sanda ƙarya ma laifi ne. Ka zo ofis ranar Talata mu yi magana, kuma ka zo da kek. Makullin yana wurina sai za ku tafi."

Merv ya gyaɗa kai. Ya juya zai hau baranda, sai ya ga Glenda ce take saukowa, tana riƙe da ƙarfe, taki ɗaya bayan ɗaya, ta rataya jakarta a hannu.

"Tunda an duba birkin, kai ni yawo," in ji ta. "Rabon da ka kai ni bakin rafi har na manta."

Wannan ba ya cikin abin da suka gwada a gaban tumaki. Merv ya dubi Bronwyn. Bronwyn ta dafa aljihun da makullin yake ciki, ta kau da kai, idonta ya yi ja. Kafin ya yi tunanin abin da zai ce, Glenda ta zagaya ta buɗe ƙofar fasinja da kanta. Ta tsaya tana kallon abin da ke dunƙule a ƙasa, fuskarta ta washe.

"Ashe ka zo da Rusty."

Rusty karensu ne, shekara ashirin da mutuwarsa. Dogo ya ɗago ido ya dubi Merv. Merv ya dube shi. Dogo ya mai da kai ƙasa. Glenda ta hau, ta cire takalmanta, ta ɗora ƙafafunta masu sanyi a bayansa kamar yadda ta saba yi wa karen. Dogo ya yi ɗan nishi, kuma ba kwaikwayo ba ne.

Merv ya jefa matasan a baya, ya cusa jikinsa a bayan sitiyari, gwiwa ɗaya a kowane gefe. Ba makulli, ba ƙarar inji. A gabansu bangon kicin ne da kwandon shara. Glenda ta sauke gilashi, ta ɗora gwiwar hannu a taga, iska ta ɗan taɓa gashinta. Merv ya kama sitiyari da hannu biyu.

"Ka bi ta bayan coci," in ji ta. "Hanyar ta fi kyau."

Ya murza sitiyari hagu.

Ta nuna masa gonar da suka taɓa haya, ta nuna masa bishiyar da ya taɓa kai wa karo, ta ce har yanzu ba ta yafe masa ƙwan da suka fashe ranar ba. Yana amsawa, yana kallon bangon kicin, hawaye yana sauka ta gefen hancinsa bai share ba, don hannayensa duka suna kan aiki. Can sai ta dafa gwiwarsa.

"Rage gudu, Merv. Kullum sai ka yi gudu."

Ya ɗaga ƙafarsa daga kan katakon a hankali.

"Na rage," in ji shi.

"Yauwa," in ji Glenda, ta gyara zama. "Ai ba sauri muke ba."